Huɗu a Takarda, Tara a Ruwa

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi. A bakin ruwa kowa Ɗan Kaɗan yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Ba don ƙanƙanta ba kuwa, ƙaton mutum ne, wanda idan ya taka cikin jirginsa sai gefe guda ya sunkuya. Bakinsa ne ya jawo masa. Ko jirgin ya dawo yana nishi, kifi har bakin katako, ka ce masa, “Yaya ruwa yau?” sai ya yamutsa fuska, ya dubi sama, ya ce, “To, ɗan kaɗan dai.” Shekara talatin da ɗoriya bai taɓa canja amsar nan ba. An ce ranar da aka haifa masa tagwaye ma, da aka zo yi masa barka sai da ya buɗe baki zai faɗa, ya tuna, ya haɗiye.

Kada ka ɗauka marowaci ne. Idan ragar wani ta yage, shi ne farkon zama a gyara ta tare. Idan injin wani ya mutu a tsakiyar ruwa, zai bar aikinsa ya janyo shi har tudu, ko godiya ba ya tsayawa ji. Abu ɗaya ne kawai ba a taɓawa a wurinsa: inda yake zuba ragarsa.

Wurin nan gado ne. Yana da shekara goma sha bakwai mahaifinsa ya kai shi can yamma da tsibiri, inda wani jan gangare ya gangaro cikin ruwa. A ƙarƙashin gangaren akwai tsofaffin kututture da ruwa ya shanye, kuma a tsakaninsu manyan tarwaɗa da giwan ruwa suke kwanciya. Wanda bai san hanya ba ragarsa zai bari a can. Tsohon ya nuna masa yadda zai daidaita bakin jirgi da wani tsagin dutse, ya ƙirga numfashi arba’in, sannan ya saki. Da suka gama sai ya kama kunnensa ya ce, “Wannan tsakanina da kai ne.” Bayan shekara biyu tsohon ya rasu, kuma Ɗan Kaɗan ya riƙe maganar nan fiye da yadda wasu ke riƙe takardar gida. Da wurin ya yi aure, da shi ya sayi inji, da shi ya kai tagwaye makaranta.

To, ɓoye wuri a ruwa ba ƙaramin aiki ba ne, tunda ruwa ba shi da katanga. Saboda haka kullum da sassafe, shi da ƙaninsa wanda shi ma gemunsa ya fara fari, sai su tayar da inji su nufi gabas, inda kowa ke zuwa. Yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu don a gan shi da kyau. Sai ya yi nisa, ya zama ɗan ɗigo, sannan ya karkata ta bayan tsibiri ya zagayo yamma. Awa ɗaya da rabi zagayen nan yake ci masa a kowace rana, da man da ba a magana. Kafin ya dawo kuma sai ya tsaya ya wanke igiya, ya wanke ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ya ɗauraye ƙasan jirgin tsaf, don kada jar laka ta tona shi. Duk daɗewar nan, a ransa babu wanda ya kai shi wayo a faɗin bakin ruwan.

Shekara goma sha biyu da suka wuce aka buɗe ofishin lasisi a bayan rumbun ƙanƙara. Aka ce daga yanzu duk jirgin da ke kamun kifi don sayarwa sai da lasisi, kuma duk mako mai jirgi zai cika fom: rana kaza, irin kifi kaza, kilo kaza, daga wuri kaza. Aka liƙa taswira a bango, an yanyanka ruwan gida-gida, kowace shiyya da lambarta. Gabas, inda jama’a ke cunkushewa, ita ce shiyya ta huɗu. Jan gangarensa kuwa ya faɗa cikin ta tara.

Ɗan Kaɗan ya tsaya gaban taswirar nan har ƙafarsa ta gaji. Wato abin da ya hana abokai, ya hana surukai, shi ake so ya rubuta da hannunsa ya miƙa ta taga? Ya karɓi fom ya tafi gida, ya lashi bakin biro, ya yanke hukunci: kilo na hukuma ne, wuri na ubansa ne. Kuma a yi masa adalci, bai taɓa rage ko rabin kilo ba. Fom ɗinsa ne ke fara isa ranar Litinin, babu goge-goge, babu maiƙo. Amma a gidan da aka rubuta shiyya, sai ya zana huɗu ƙatuwa, mai ƙafa miƙe, har ya ɗan ja da baya ya yaba ta.

Dillalai ma an ɗora musu nasu fom ɗin. Duk wanda ya sayi kifi daga jirgi zai rubuta lambar jirgin, da nauyi, da inda aka kamo. Dillaliyar Ɗan Kaɗan kuwa yayar matarsa ce, wadda ake kira Yaya Mai Sikeli. Gajeriyar mace ce mai tabarau ɗaure da zare, tana zama a kan akwatin ƙanƙara da fensir a bayan kunne, kuma tun tana yarinya hannunta ke cikin kifi. Kullum idan ya sauke kaya, ta auna, sai ta ce, “Daga ina?”

“Huɗu, Yaya.”

“Uhm,” in ji ta, ta sunkuyar da kai ta rubuta.

Shekara goma sha biyu ana wannan uhm ɗin, bai taɓa leƙa takardarta ba. Me zai leƙa? Ai ya faɗa mata.

Ana nan sai kifi ya fara ja baya, jirage suka yi yawa. Wata Laraba aka liƙa sabuwar sanarwa a allon ofis. Daga sabuwar shekara, kowane jirgi za a ba shi lasisin shiyya ɗaya tak, wadda fom ɗinsa ya nuna ya daɗe yana aiki a cikinta. Shiyyar da babu jirgin da ya taɓa rubutawa kuwa, rufe ta za a yi, duk wanda aka kama a ciki a ƙwace masa raga.

Sau uku ya karanta, yana bin layi da yatsa. Ya gane sarai abin da ya yi wa kansa: a takarda, shi mutumin huɗu ne, inda jirage arba’in ke rububin ’yan ƙananan karfasa. Tara kuwa, a saninsa, babu mahalukin da ya taɓa rubuta ta. Idan ya yi shiru, wurin ubansa ya tafi. Idan ya yi magana, ga jan rubutu a ƙasan kowane fom da ya sa wa hannu, cewa wanda ya ba da bayanin ƙarya za a iya karɓe lasisinsa gaba ɗaya.

Kwana huɗu ba ya cin abincin kirki. Ran na biyar ya sami matarsa a tsakar gida tana shanya, ya ja kujera, ya yi gyaran murya, ya leƙa ƙofa ko akwai mai wucewa.

“Akwai maganar da ban taɓa faɗa miki ba,” in ji shi a hankali. “Kifin nan da muke ci, ba daga gabas yake zuwa ba.”

Ta yarfa rigar da ke hannunta, ta rataya, ta sa mata maƙali. “Allah sarki,” ta ce. “To, Baban tagwaye, ka je ka ga Yaya mana.”

“Yaya? In faɗa wa Yaya, ai na faɗa wa kasuwa.”

Ta dube shi kamar za ta ce wani abu, sai ta fasa, ta ɗauki wata rigar. Shi kuwa har ya ɗan ji haushi, ya buɗe mata sirrin shekara talatin, ko rigar ba ta ajiye ba.

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa asibiti, ya nufi ofis. Ɗaki ne ƙarami, fanka na juyi da ƙyar, kabad biyu na ƙarfe sun tsaya a bango, ɗaya na masu jirage, ɗaya na dillalai. Malamar lasisi, wadda ba ta fi sa’ar tagwayensa ba, ta miƙe ta ba shi kujera.

“Baba, sannu da zuwa. Da ma ina shirin aiko maka.”

Ya zauna a bakin kujera, ya cire hula, ya mayar. “’Yata, tambaya ce. Ba ni ba fa, wani ne. A ce mutum yana rubuta lamba, hannunsa ya ɗan zame.”

“Sau nawa ya zame, Baba?”

“To, ɗan kaɗan dai.”

Ta cije leɓe. Ta tashi ta buɗe kabad na farko, ta ɗauko tulin takardu ɗaure da igiya ta dire a tebur. Ta buɗe na biyu ta ɗauko wani tulin ta ajiye a gefensa. Ta yi masa bayani cewa a dā kowane fom kabad ɗinsa yake shiga, ba a haɗa su. Sai bana, da ake zuba su a kwamfuta saboda sabon lasisi, suka gamu.

“Wannan naka ne, sama da ɗari shida, duka huɗu. Wannan na dillaliyarka ne, lambar jirginka, rana iri ɗaya, kilo iri ɗaya, ko ɗigo bai bambanta ba.” Ta juyo masa da na saman. “Duka tara.”

Ya ja takardar kusa da idonsa. Rubutun Yaya ne, da fensir, tara ’yar ƙarama mai kai zagaye. Ya ɗaga na biyu, tara. Ya zaro ɗaya daga can ƙasa, wadda ta yi ja saboda tsufa, ta makon farko da aka buɗe ofis. Tara.

“Baba, cikinku biyu akwai wanda bai rubuta daidai ba,” in ji malamar. “Idan ita ce, lasisinta na dillanci ne a gaba. Idan kai ne, naka. Ni dai abin da ka faɗa zan rubuta.”

A nan ne fa aka ga ko wane ne shi. Kalma ɗaya zai yi, ya ce matar nan ido ya fara gaza mata, ya tsira da lasisinsa na huɗu. Amma ya tuna ta a kan akwatin ƙanƙara, da tabaranta na zare, da marayun ɗanta uku da take riƙo da sikelin nan. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

“Yaya ba ta ƙarya,” ya ce. “Ni ne.”

Malamar ta yi ajiyar zuciya. Ta ce tunda da bakinsa ya faɗa, kuma nauyin kifinsa bai taɓa saɓawa ba, akwai hanya. Zai rubuta takardar gyara, a ɗaure jirginsa wata guda a tudu, sannan ya kawo masu jirage uku su sa hannu cewa sun san a tara yake aiki duk shekarun nan. In ya kawo su kafin Juma’a, za ta kai gaba.

“Uku?” in ji shi. “’Yata, wa zai shaidi wurin da babu wanda ya san shi?”

Ta miƙa masa takardar tana kallon fanka. “Ka dai gwada, Baba.”

Daga ofis bai zame ko’ina ba sai rumfar Yaya. Ya same ta tana fasa ƙanƙara. Ya tsaya a kanta da takarda a hannunsa.

“Yaya, tun yaushe?”

Ba ta ko tambayi me yake nufi ba. “Tun kafin ka auri ƙanwata.”

“Wa ya faɗa miki?”

“Kifinka.” Ta goge hannu a zane. “Tarwaɗar gabas bayanta toka-toka ne, cikinta yashi. Taka baƙa ce wuluk, in na farka ta jar laka nake gani. Ina ake da jar laka a ruwan nan in ba gangaren yamma ba? Kuma kai da kake wanke igiya, kana wanke jirgi, ka taɓa duba fason ƙafarka? Shekara talatin ƙanwata na share jar ƙasa a tabarma.”

Ya dubi ƙafarsa. Ga ta nan kuwa, ja a cikin kowane tsagi.

“To me ya sa kike tambayata kullum?”

“Fom ya ce in tambaya, na tambaya. Amma gidan da zan cika cewa ya yi inda aka kamo kifi, bai ce inda ƙanena ya ce an kamo ba. Ni ban sa hannu a kan ƙarya ba, kai kuma ban tona ka ba. Kowa ya riƙe nasa.”

Ya nuna mata layukan shaida guda uku, ta ɗaga haɓa wajen teburin mai shayi, inda masu jirage ke zaune suna jiran iska ta kwanta. A tsakiyarsu ga Dogo, abokinsa tun suna yara kuma babban abokin hamayyarsa, mutumin da saboda shi musamman yake ƙara nisan zagaye.

Taku ashirin ne tsakanin rumfar da teburin, Ɗan Kaɗan ya taka su a hankali. Ya yi sallama, ya tsaya. Dogo ya zare takardar daga hannunsa, ya karanta, ya miƙa hannu a ba shi biro.

“Ba ka tambayi wace shiyya ba,” in ji Ɗan Kaɗan.

“Yamma da tsibiri, ƙasan jan gangare, daidai tsagin dutse,” in ji Dogo yana sa hannu. “Mai shayi ma da kai yake sanin lokacin ɗora ruwa na biyu. Da ka ɓulla ta bayan tsibiri, bakwai da kwata ta yi.”

Mai shayi ya gyaɗa kai. “In ka makara, har damuwa nake yi.”

Dariya ta ɓarke, amma ba irin mai ciwo ba. Mutum goma sha ɗaya suka miƙe kowa na son ya sa hannu, ga layi uku kacal, har aka fara gardamar wanda ya riga sani. Wani ya ce tun shekarar da ya sayi injinsa, wani ya ce ai shi daga bakin ubansa ya ji. Ɗan Kaɗan ya zauna a benci.

“Kun sani,” ya ce, “kuma babu wanda ya je?”

Dogo ya mayar da murfin biro. “Mutum ya shekara talatin yana ƙona mai don ya ɓoye mana wuri, kuma mu je mu zuba raga a ciki? Haba. Ai wahalar kaɗai ta sa ya zama naka.”

“Har shekarar da na kwanta?” Shekara shida da suka wuce ciwon baya ya kwantar da shi wata huɗu, a lokacin da gabas ta bushe ƙaf, gidaje da yawa suka ji jiki. Yana kwance yana juyi, ba ciwon ya fi damunsa ba, tsoron kada wani ya yi tuntuɓe da wurin. Da ya warke ya koma, ya tarar da kifi maƙil, ya yi ta yi wa kansa kirari.

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Mai shayi ne ya amsa, yana goge kofi. “A watannin nan baƙin jirage sun zo sau biyu suna neman wuri. Dogo ne ya raka su gabas da kansa, ya ce musu yamma kututture ne zalla, babu kifi. A lokacin ’ya’yansa sau ɗaya suke ci a rana.”

Dogo ya harare shi. “Kai, zuba wa mutum shayi, ka cika surutu.”

Ɗan Kaɗan ya karɓi kofin da hannu biyu. Bai sha ba. Ya sunkuyar da kai, yana ta kallon jar ƙasar da ke ƙafarsa, kuma mutanen suka yi masa karar da suka saba, kowa ya juya yana duba iska.

Wata guda jirginsa ya yi a tudu. Ya shafe shi da sabon fenti, ya gyara ragunan rabin bakin ruwa, ya ishi matarsa da zaman gida. Da sabuwar shekara aka liƙa jerin lasisi a allo, a ƙarƙashin shiyya ta tara lambar jirgi ɗaya ce rak, kowa na wucewa yana karantawa.

Ranar da ya koma ruwa, ya tayar da inji, hannunsa ya karkata gabas da kansa, sai da ƙaninsa ya taɓa masa gwiwa. Ya juya yamma a gaban idon kowa, ya bi ta gaban teburin mai shayi, bai ɗaga kai ba. Kafin azahar ya dawo, abin da bai taɓa yi ba. Igiyarsa ja, ƙasan jirginsa ja, bai wanke komai ba.

Yaya ta auna, ta zaro fensir daga bayan kunne. “Daga ina?”

Ya dubi hagu, ya dubi dama.

“Tara, Yaya.”

“Uhm,” in ji ta, ta rubuta abin da ta saba rubutawa.

Akwai giwan ruwa guda da ya hana a ɗora a sikelin sayarwa, ya ce a auna shi dabam a sa a fom ɗinsa. Ya rungumo shi a ƙirji, ya ratsa ta cikin jama’a, ya dire shi a cikin jirgin Dogo, ya juya zai tafi.

“Wannan fa?” in ji Dogo.

Ɗan Kaɗan bai waiwayo ba, don kada a ga idonsa.

“Na yara ne,” ya ce. “Ɗan kaɗan ne.”